Kafin a buga hatimi, a tambayi mai koko

Tun shekarar 2014 Nijar ta kafa dokar hana shigo da leda marar kauri, da sayar da ita, da amfani da ita. Amma shiga kasuwar Dole ta Damagaram yau ka gani. Mai tumatir, mai man gyaɗa, mai ƙanƙara, kowa a leda yake ƙulla wa mai saye, ita kuma tana nan tana toshe magudanan ruwa, awaki na haɗiye ta suna mutuwa. Manufar dokar ba ta da aibi. Sai dai muddin ba a amsa wa mai koko tambayarta ba, wato "to a me zan zuba?", ko ƴan sanda nawa aka baza ba za ta daina ba.

Irin wannan tambaya ce ya kamata mahukunta su nema tun doka tana daftari. Taron kwana biyu a otal a Yamai, da takarda cikin Faransanci da kuɗin zama, ba shi ne jin ra'ayin jama'a ba. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Idan an riga an yanke, a kira abin sanarwa kawai.

Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, don haka babu hujjar a ce ɗan kabu-kabu bai san abin da ake shirya masa ba. A karanta daftarin a gidajen rediyo, a buɗe waya mutane su kira. A bi ta hannun masu unguwanni daga Birni zuwa Zango da Garin Malam, a shiga gidaje wajen mata, tunda yawancinsu ba za su zo dandali su ɗaga murya ba. Kuma don Allah kada a kira manomi taro da damina.

Mun taɓa ganin an yi. Dokar kiwo ta 2010 ta fito ne bayan shekaru ana ja-in-ja da ƙungiyoyin makiyaya, aka kuwa tabbatar musu da ƴancin yawo da dabbobinsu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shirun da ke biyo bayan taro. Wanda ya rufe shagonsa ya zo ya yi magana yana da haƙƙin a dawo a ce masa: wannan mun ɗauka, wannan mun bari, ga dalili. In bai ji komai ba, gobe ko an aika masa mota ba zai zo ba.