Injiniya, leƙa atiliye kafin ka ja layi

Satin da ya wuce na kai motopompo gyara wani atiliye nan Tawa, na tarar da wani matashin injiniya da baba mai tur, wato injin sassaƙa ƙarfe, ana ka-ce-na-ce kan takarda guda. Yaron ya zano sandar injin sussukar hatsi, ko'ina ya rubuta kada kuskuren awo ya wuce milimita 0,01. Tsohon ya goge hannu da tsumma ya ce "ɗana, mazaunin rulma na yarda, amma nan da ba ya taɓa komi fa, don mi?" Yaron ya ce haka kwamfuta ta fitar. Wallahi amsar nan ta tsaya mini a rai.

Ni dai a ganina tsohon ya fi shi hujja. Rulma, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da sanda ke juyawa a ciki, mai lamba 6205 raminta milimita 25 ne, wurin da za ta zauna dole a tsananta awo, in ya yi sako-sako sanda ta riƙa rawa, in ya matse da yawa rulma ta ɗau zafi ta mutu. To amma sauran jikin? 0,01 fa ko kaurin gashin kai bai kai ba, kuma duk inda ka rubuta shi mai tur sai ya sassaƙa kaɗan-kaɗan ya tsaida inji ya auna ya sake tadawa, ga wuta tana zuwa tana tafiya, aikin hantsi ya kai la'asar, ƙarshe manomin da ya sayi injin shi zai biya kuɗin.

Ga wani abin da ba a cika tunawa ba. Awon da ke kan zane a digiri 20 ake nufinshi, kuma ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana miƙewa kusan milimita 0,012 duk digiri guda. Ƙarƙashin kwano a watan Afrilu zafi na kai 45, ka ga sanda mai mita ɗaya ta ƙaru da milimita 0,3 tun ba a taɓa ta ba. Balle ma irin ƙarfen, injiniya ya kwafo sunanshi daga littafin Faransa, mai tur kuwa tsohon ƙarfen ƙafar babbar mota ya samo, irin wanda ake tsinta a kasuwar Katako can Yamai.

Su ma masu tur suna da nasu laifin, kuma yana ba ni haushi. Wani sai ya canza awo bai gaya wa kowa ba, wai ai mun saba. Inda sanda ta sauko daga kauri zuwa siriri injiniya yakan sa 'yar lanƙwasa, mai tur ya ga ɓata lokaci ne ya yanke ta tsaf, alhali daga irin wannan kusurwar tsagewa ke farawa, sai ana tsakar sussuka ƙarfe ya karye. Wannan lissafi ne, ido ba ya ganinshi.

Duk da haka nauyin ya fi kan mai alƙalami, shi ke da damar tambaya tun ba a yanka ƙarfe ba. Muna da makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai, muna da ACREMA nan Tawa da ta daɗe tana ƙera kayan noma, mi zai hana kowane ɗalibi ya yi watanni gaban tur kafin a miƙa mishi takardar gama karatu? Ranar nan dai sai da suka zauna kan benci da biro, suka bar wurare biyu da tsananin awo, sauran suka sassauta, ban karɓi motopompona ba har tsohon ya ɗaura ƙarfen a inji.