Tarakta ba ita ce farkon gona ba

Tun daga shekarar 2013, lokacin da Uruguay ta zama ƙasa ta farko da ta halasta noman tabar wiwi da sayar da ita ƙarƙashin kulawar gwamnati, dokokin wannan tsiro suke ta sauyawa a sassan duniya. Lesotho ta fara ba da lasisin nomansa domin haɗa magunguna a 2017, Kanada ta halasta shi a watan Oktoban 2018, Moroko kuma ta amince da nomansa domin magani da masana'antu a 2021. Duk inda aka buɗe wannan ƙofa, sai ka ga masu ɗan fili da ɗan jari sun fara mafarkin kafa ƙaramar gona wadda ba a zuba mata takin zamani ko maganin feshi, kuma abin da suka fi ɗokin tambaya shi ne wace tarakta za su saya. A ganina wannan tambaya ita ce ta ƙarshe a jeri, kuma sanya ta a gaba shi ke cinye jarin mutane da yawa kafin su girbe komai.

Doka ce farko, domin a yawancin ƙasashe noman wiwi laifi ne da ke kai mutum gidan yari, kuma inda aka halasta ma sai da lasisi da sharuɗɗa masu tsauri. Dokar noma ta Amurka ta 2018 ta ware nau'in da ake nomawa domin zare da iri da mai, ta ce kada sinadarin THC, wanda shi ne ke bugarwa, ya wuce kashi 0.3 cikin 100 na nauyin busasshen tsiron. Idan jami'ai suka ɗauki samfuri aka samu ya zarce, ba a barin amfanin ya shiga kasuwa yadda yake, sau da yawa ma lalata shi ake yi. Abin tsoron shi ne sinadarin yakan ƙaru yayin da furen ke nuna, saboda haka manomi zai iya rasa wahalar shekara guda ba don ya yi niyyar karya doka ba, sai don ya sayi irin da ba a tantance ba ko ya makara wajen girbi. Kuɗin ingantaccen iri da na gwaji sun riga kuɗin kowane inji.

Sai kasuwa. A 2019 manoman Amurka sun yi rububin shuka wiwin da ake tatsar man CBD, wani sinadari da ba ya bugarwa, daga furensa, da yawansu ba tare da yarjejeniya da mai saye ba, amfani ya yi wa masana'antun sarrafawa yawa, farashi ya faɗi warwas, aka bar mutane da buhunan fure a rumbu. Shuka irin wannan amfani babu kwantiragi a hannu cinikin biri a sama ne.

Batun noma ba da sinadarai ba shi ma yana da nasa lissafin, wanda haƙuri ya fi kuɗi yawa a cikinsa. A ƙa'idar Amurka sai fili ya yi shekara 3 ba a sa masa haramtattun sinadarai ba kafin a ba amfaninsa shaidar cewa an noma shi ba da sinadarai ba, kuma a duk tsawon wannan lokaci manomi yana ɗaukar wahalar cire ciyawa da haɗa taki, amma yana sayarwa a farashin kowa. Ga wiwi kuwa akwai ƙarin matsala: tsiro ne mai zuƙo ƙarafa masu guba irin su dalma daga ƙasa, don haka filin da ya taɓa zama juji ko yake kusa da masana'anta zai iya ba da amfani mai kyan gani wanda ɗakin gwaji zai ƙi. Gwajin ƙasa kafin a saya ko a yi hayar fili ba almubazzaranci ba ne.

Bayan an gama da waɗannan ne maganar kayan aiki take da ma'ana, domin abin da za a sayar shi ke zaɓen inji. Wanda zai noma domin zare yana shuka da kauri a fili mai faɗi, yana buƙatar injin yanka da na ɓare kara, kuma zaren yana da ƙarfin da yakan nannaɗe a jikin duk abin da ke juyawa a cikin inji har ya tsayar da aiki. Wannan harka ce ta manyan gonaki, mai hekta ɗaya ba shi da abin nema a cikinta. Wanda zai noma domin fure kuwa aikinsa na hannu ne: bin layi ana tuge namijin tsiro kafin ya barbari macen, sare reshe, rataya shi. A nan abin da ya fi kashe manomi shi ne rashin wurin shanya, saboda furen yana da cunkoso, idan iska ba ta ratsa shi ba fumfuna takan kama shi cikin 'yan kwanaki. Rumfa mai fanka, tankin ruwa da bututun ban-ruwa mai ɗiga sun fi babbar tarakta amfani a irin wannan gona, balle ma nauyinta yana danne ƙasar da aka yi shekaru ana raya ta da taki. Ƙaramar tarakta mai ƙafa biyu, wadda ake bi a baya ana sauya mata garma ko haro, ta wadatar, muddin akwai kayan gyaranta da makanike a kusa.

Masu ganin a sayi babba tun farko suna da hujja ɗaya da ba zan raina ba: lokacin huɗa kowa ke neman hayar tarakta a mako guda, kuma wanda ya jira layi yakan makara. Sai dai wannan asara ce ta 'yan kwanaki a shekara, wadda ake ragewa ta hanyar yin alkawari da mai tarakta tun da wuri, ko maƙwabta su haɗa kuɗi su mallaki guda. Bashin inji kuwa kowane wata ake biyansa, ko an sayar ko ba a sayar ba. Shi ya sa mai lasisi da ke farawa ya fi dacewa ya ware wa wiwi ɗan yanki kawai a shekarar farko, ya cika sauran filin da kayan lambu da wake, waɗanda ke kawo kuɗi da wuri, waken kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi kafin a faɗaɗa.