Japan na bukatar baƙi, amma bakinta ya ƙi faɗa

A watan Agustan 2025, a gefen taron TICAD na tara a Yokohama, wato taron da Japan ke shiryawa kan ci gaban Afirka, hukumar JICA, mai kula da tallafin raya ƙasa da Japan ke bai wa ƙasashen waje, ta ƙulla ƙawance tsakanin garuruwa huɗu na Japan da ƙasashen Afirka huɗu. Najeriya aka haɗa ta da Kisarazu, wani gari a lardin Chiba da ya sauki 'yan wasanmu lokacin gasar Olympics ta Tokyo. Gana ta samu Sanjo, Tanzaniya ta samu Nagai, Mozambik kuma Imabari. Kafin a ankara, fadar shugaban ƙasa a Abuja ta fitar da sanarwa cewa Japan za ta buɗe biza ta musamman ga matasanmu masu sana'a. Wasu har sun fara lissafin kuɗin jirgi.

Tokyo ta ce sam ba ta san da wannan zance ba. Wayoyin ofishin garin Kisarazu suka ƙi yin shiru, mutane na kira cikin fushi suna tambayar wa ya ba da izinin a sayar musu da gari. Kafin Satumba ya ƙare, JICA ta soke shirin baki ɗaya.

Laifin Abuja a fili yake, riga malam masallaci ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗaya ɓangaren: yadda jita-jitar zuwan 'yan Afirka kaɗan ta tayar da hankalin ƙasar da, in yau baƙi suka tattara komatsansu, gobe shagunanta da gidajen kula da tsofaffinta za su rasa mai buɗe ƙofa.

A 1973 an haifi jarirai fiye da miliyan 2 a Japan. A 2024 waɗanda aka haifa ba su kai 700,000 ba, alhali mutanen da suka mutu sun kai miliyan 1.6. Yawan jama'a ya kai ƙololuwa a wajen 2008, kusan miliyan 128, tun daga nan sai gangara. Kusan mutum 3 cikin 10 sun haura shekara 65. Binciken gidaje na 2023 ya gano gida miliyan 9 a kulle, ba kowa ciki. Kamfanin Oji ya sanar a 2024 cewa zai daina yi wa kasuwar gida famfas na jarirai, zai koma kan na tsofaffi, domin can ciniki yake. A ƙauyen Nagoro da ke tsibirin Shikoku, makarantar firamare ta rufe a 2012. Yanzu 'yan tsana ne masu girman mutum, waɗanda wata mata ta ɗinka, suke zaune a kan bencinan ɗalibai. Ga mu da ba a mako ɗaya ba a ji kiɗan suna a unguwa ba, wannan kamar tatsuniya ce.

Ba wai gwamnati ta naɗe hannu ba ne. Tun daga 1994 ake fito da shiri bayan shiri. A Janairun 2023 Firaminista Fumio Kishida ya faɗa wa majalisa cewa ƙasar na gab da kasa tafiyar da al'amuranta na yau da kullum. Aka kafa hukumar yara da iyali a Afrilun 2023, aka yi alƙawarin kashe yen tiriliyan 3.6 duk shekara: ƙarin alawus na yara, cire sharaɗin albashin iyaye, tallafin haihuwa da na gidajen raino. Duk abubuwa ne masu kyau, kuma iyayen da ke fama da tsadar Tokyo sun cancanci su.

Sai dai kuɗin na zuwa ne ga waɗanda suka riga suka yi aure, alhali ciwon yana can baya. A Japan yaran da ake haifa ba aure ba su wuce kashi 2 cikin 100 da ɗan ɗori ba, saboda haka in aure ya ragu, haihuwa ta ragu. A farkon shekarun 1970 ana ɗaura aure fiye da miliyan 1 a shekara. A 2023 bai kai 500,000 ba. Saurayin da ke aikin kwantiragi, bai san ko za a sabunta masa ba, alawus ɗin yaron da ba a haifa ba ba zai sa ya je neman aure ba. Ita kuma budurwar da ta ga yayarta ta ajiye aiki bayan haihuwa, mijin yana dawowa ƙarfe goma na dare, ta san abin da ke jiranta.

Mu ɗauka ma komai ya yi daidai, haihuwa ta ƙaru daga bana. Jaririn da aka haifa yau ba zai ɗaga tsohuwa daga gado ba sai bayan shekara ashirin. Matan da za su haifa ma sun yi ƙaranci, don su kansu 'ya'yan zamanin ƙarancin haihuwa ne. To wa zai riƙe ƙasar kafin nan?

Amsar tana nan tana aiki tun tuni. A Oktoban 2024 ma'aikata baƙi sun kai miliyan 2.3, 'yan Biyetnam ne a gaba, ga 'yan Sin, Filifins, Nefal da Indonesiya. Su ne a kantunan da ba sa rufewa dare da rana, su ne a gonaki da wuraren gini da masana'antar sarrafa kifi. Amma ko lokacin da gwamnatin Shinzo Abe ta buɗe sabuwar bizar ƙwararrun ma'aikata a 2019, ta dage cewa wannan ba manufar shige da fice ba ce. An buɗe ƙofar baya, ana rantsuwa a ƙofar gaba cewa gida a kulle yake.

Wannan ɓoye-ɓoyen ya cuci kowa. Shirin "koyon sana'a" da aka fara a 1993 ya ɗaure baƙo ga ubangida ɗaya, ba sauya wurin aiki, ba kawo iyali. A 2023 kaɗai kusan mutum 10,000 suka gudu daga wuraren aikinsu. Shi ma ɗan ƙasa an cuce shi, domin ba wanda ya zaunar da shi ya ce masa mutum nawa ake bukata, ina za su zauna, wa zai koya musu harshe da yadda ake ware shara. Ya wayi gari kawai ya ga maƙwabci sabo. Ba mamaki jam'iyyar Sanseito, mai taken "'yan Japan tukuna", ta ci kujeru 14 a majalisar dattawa a Yulin 2025, wata guda kafin rikicin Kisarazu.

Ban ce tsoronsu duk shirme ba ne. Kowace al'umma na da haƙƙin zaɓar wanda zai zauna cikinta, kuma Japan na iya cewa ta gwammace ta ƙanƙance da mutum-mutumin inji a kan ta canza kama. In haka ne, sai a faɗa wa jama'a farashinsa: fansho zai ragu, shekarun ritaya za su ƙaru, ƙauyuka da yawa za su bi sahun Nagoro. Har yanzu ban ji ɗan siyasar da ya hau mumbari da wannan ba.

A 2027 sabuwar dokar da majalisa ta amince da ita a 2024 za ta maye gurbin shirin koyon sana'a, za a bar ma'aikaci ya sauya ubangida bayan shekara ɗaya zuwa biyu, in ya ci jarrabawar aiki da ta harshe. Gyara ne na gaske, ko da ya makara. Sunan da aka raɗa masa dai shi ne aiki don horar da ƙwarewa. Kalmar ƙaura ba ta ciki.