Kafin a ce malami ya tare kusa da makaranta

Duk lokacin da aka taso da maganar makarar malamai a Zariya, sai ka ji wani ya ce a tilasta wa kowane malami da ma'aikacin asibiti zama a inda aka tura shi aiki. Akwai gaskiya a ciki. Malamin da ke kwana a unguwa ya san iyayen yara, suna haɗuwa a masallaci, yaron da ya yi fashi ba ya ɓace masa. Amma a wane gida zai kwana?

Ɗauki Samaru. Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 unguwar ke cika da ɗalibai, mai gida kuwa ya gwammace ya yanka gidansa ɗaki-ɗaki ya ba su, kowa ya biya kuɗin shekara a dunƙule. Haka abin yake a Kongo da Gyallesu. Malamin firamare mai mata da 'ya'ya huɗu, wanda ke jiran albashin wata, ba zai iya gogayya da su ba. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, kuma kafin a kai ga hakan cire tallafin mai a 2023 ya riga ya cinye ƙarin a kuɗin mota da na masara. Shi ya sa da yawa suka maƙale a gidan gado cikin birni, suna bin hanyar Giwa ko Soba kullum da asuba.

A ƙauye kuma ba tsada ce matsalar ba, gidan hayar ne babu. Namiji ya iya raɓawa a shagon wani. Malama mai aure fa, ko budurwar da iyayenta ba za su bari ta kwana a gidan da ba su sani ba? Dokar tilas su za ta fara kora, alhali su muka fi buƙata a ajin 'yan mata.

Tsofaffin makarantu irin su Barewa da gidajen malamai aka gina su, domin masu ginin sun san darajar hakan. Gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su koma ga wannan: duk kwangilar sababbin azuzuwa a haɗa ta da ɗaki biyu ko uku na malamai, da rijiya da banɗaki. Ranar da aka miƙa wa malami makulli, ni ma zan goyi bayan a tambaye shi dalilin makararsa.