Manhajar kyauta ce, ha'incin masu ɗora ta ne ya ishe mu

Abin da wasu masu ɗora manhaja ke yi wa Islamiyyu da makarantun lasin a Agege, Mile 12 da Idi-Araba a Legas ya isa haka nan. Mutum zai zo wa shugaban makaranta da daɗin baki, wai BigBlueButton, manhajar karatu kai tsaye ta intanet, kyauta ce, ya karɓi kuɗin aiki, ya kama hayar saba (kwamfutar da ake ɗora manhajar a kai) mai RAM giga 4, ya kama gabansa. Alhali masu manhajar sun rubuta ƙarara: RAM giga 16, CPU mai kai 8, kuma sabar ita kaɗai, ba a cusa mata Moodle, wata manhajar darussa, su yi zaman 'yan marina. Wannan ba ha'inci ba ne?

Ranar gwaji da mutum uku komai lafiya lau. Ranar da ɗalibai arba'in suka shigo, muryar malam ta fara kakkaryewa, yana tsakiyar aya yara na ta rubuto "Malam, ba ma ji". Sai a ɗora wa netwok laifi.

Sau da yawa ba netwok ba ne. Murya da hoto ta ƙofofin saba na UDP (wata hanyar aika bayanai), lamba 16384 zuwa 32768, suke bi. Mai ɗora manhajar kuwa ƙofofi 80 da 443 kawai ya buɗe. Shafi zai buɗe, ɗalibi ya danna makirufo ya ga lambar kuskure 1007, ya kunna kyamara ya ga 1020. Wanda layinsa ke toshe UDP kuwa sai da sabar TURN, mai zagaya masa da murya da hoto, a kan ƙofa 443, aikin da bai kai awa ɗaya ba ga wanda ya sani. Mai ɗora manhajar bai yi ba.

Takardar tsaron shafi ta Let's Encrypt kwana 90 take yi. In sabuntawar ta tsaya, burauza ta hana makirufo, aji ya watse. Ga darussan da ake naɗa suna ta cika faifai, babu mai kwashewa, babu kwafin ajiya.

Mafi ciwo shi ne kalmar sirrin root, wato mabuɗin sabar gaba ɗaya, da sunan shafin duk suna hannun mai ɗora manhajar. Iyaye sun sayi data da guminsu, malam ya sha cunkoson Oshodi ya iso, ya zuba fetur a janareta, a kira mutumin, waya a kashe! Kada makaranta ta sake cika wa kowa kuɗi sai ya miƙa kalmar sirrin da sunan shafin a rubuce, an kuma gwada cikakken aji da datar waya, ba da wayifai ɗin ofis ba.