Mai shakkar lissafin Einstein ya fara da kalmar "yanzu"

Wani ɗalibin lissafi ya tsare ni a teburin mai shayi a Unguwar Rimi. Ya ce, "Malam, ka'idar da Einstein ya fitar a 1905 ta ce idan mutum biyu na wuce juna a guje, kowa zai ga agogon ɗan'uwansa yana jinkiri. Ta yaya kowanne zai zama a bayan ɗayan? Ai lissafin ya ci karo da kansa."

Tambayar ta faranta mini rai, domin ɗalibi mai tuhuma ya fi mai hadda. Ba shi ne farau ba. Herbert Dingle, farfesa a Ingila, ya ƙarar da ƙarshen rayuwarsa kan wannan ƙorafi, har ya wallafa littafi a 1972. Sai dai bai yi daidai ba, kuma kuskuren yana ɓoye cikin kalmar "yanzu".

Ɗauki jirgin ƙasa da ya taso daga Rigasa zuwa Abuja. A kunna fitila a tsakiyar tarago. Fasinja zai ce hasken ya isa gaba da baya lokaci guda. Wanda ke tsaye a bakin layi zai ce ya fara isa baya, tunda bayan taragon yana tahowa ya tarbi hasken, gaban kuma yana guje masa. Dukansu sun auna gudun haske ɗaya, kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sun saɓa kan abin da ya faru lokaci guda, wato kowa da nasa "yanzu". Lissafin Lorentz, wanda ka'idar ke amfani da shi wajen juya awon mutum ɗaya zuwa na ɗayan, yana da sashen da ke ɗauke da wannan saɓani. Wanda ya yar da sashen, dole ya ga karo, amma shi ya jawo shi da hannunsa.

Gwaji ma ya goyi bayan ka'idar. A 1971 masana biyu, Hafele da Keating, sun zagaya duniya da agogunan atom masu tsananin daidaito a jirgin sama, bambancin ya fito yadda aka lissafa. A 2011 masana a Italiya sun ce sun ga ƙwayar da ta fi haske gudu, abin da ka'idar ta ce ba zai yiwu ba. A 2012 aka gano kuskure ne, wata waya ce a na'urar awonsu ba ta zauna daidai ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke koyar da darasin. Muna ba yara lissafin jinkirin agogo su haddace don jarrabawa, mu tsallake batun "yanzu" wanda shi ne ginshiƙin. Shi ya sa yaro mai kaifin basira ke zaton an ruɗe shi. Na ce wa ɗalibin ya je ya sake lissafin da sashen nan a ciki, ya kawo mini takardar ranar Asabar mu duba tare.