Kafin a sayar da rumfa a sayi mastas

Jiya bayan sallar isha'i ƙanen wani abokina ya tare ni a ƙofar masallaci, waya a hannu. Ya ce, "Yaya, don Allah duba min wannan." Takardar gurbin karatu ce daga wata jami'a a Ingila, mastas na shekara ɗaya a fannin tafiyar da kasuwancin ƙasa da ƙasa. Ejan ɗin da ya samo masa ya matsa masa lamba ya biya kafin alƙalami kada gurbin ya wuce shi. Na tambaye shi ina za a samo kuɗin. Ya ce Hajiya ta yarda a sayar da rumfar da mahaifinsu ya bari a Kantin Kwari, in ya so idan ya fara aiki a can sai ya saya mata wadda ta fi ta.

Na ce, "Wane aikin?" Ya yi dariya. Wai ai wanda ya karanta kasuwanci ba ya rasa aiki, tunda babu ƙasar da ba a saye da sayarwa.

Maganar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci, shi ya sa na zauna na rubuta ta a nan, don na san ba shi kaɗai ba ne. Ni ma kasuwancin na karanta, kuma da shi nake cin abinci, saboda haka kada wani ya ɗauka raini ne ko baƙin ciki.

Mu Hausawa babu wanda zai koya mana fita neman arziki. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja, sun kafa zanguna a Kumasi da Accra, wasu sun kama hanyar Makka a ƙafa suka yada zango a Sudan har jikokinsu suna can yau. Amma ka lura da yadda ɗan ci-rani yake fita: wanzami da zabirarsa, mahauci da wuƙarsa, baduku da basillarsa, malami da allonsa. In ya sauka, tambayar farko da mai masauki zai yi masa ita ce, "Mece ce sana'arka?" Wanda ya ce shi komai ma yana iyawa, an san dako zai yi. To wannan tambayar ce hukumomin shige da fice na Turai suke yi har yau, sun dai mayar da ita fom da lambobi. Digirin kasuwanci na gama-gari amsarsa ita ce "komai ma ina iyawa."

Bari in bi hanyar Ingila daki-daki, tunda ita ce ta fi ɗibar yaranmu. A watan Yulin 2021 gwamnatin Birtaniya ta buɗe bizar bayan karatu: wanda ya gama digiri ko mastas ana ba shi shekara 2 ya zauna ya yi kowane irin aiki, mai digirin digirgir kuma shekara 3. A lokacin ɗalibin mastas yana iya tafiya da matarsa da 'ya'yansa, kuma wanda ya raka shi yana da damar yin cikakken aiki, alhali shi ɗalibin awa 20 kawai aka yarje masa a mako lokacin karatu. Nan da nan mutane suka yi lissafi: kwas ɗin da ya fi sauƙin samu, wanda ba ya neman ka taɓa karanta wani fanni na musamman, wanda ake gamawa cikin wata 12. Kasuwanci kenan. A 2022 iyalan ɗalibai 'yan Najeriya da aka ba bizar rakiya sun haura 60,000, sun fi na kowace ƙasa yawa, har sun ɗan zarce su kansu ɗaliban. Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce da yawa daga cikinsu ba ilimin suka je saya ba, lokaci suka je saya. Kuma ban ga laifinsu ba, doka ce ta ba su dama.

Sai dai wannan ƙofar an turo ta. Daga Janairun 2024 ɗalibin mastas na aji ba ya tafiya da iyali, sai mai yin karatun bincike. A Afrilun 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata kafin kamfani ya ɗauki nauyinka a bizar ƙwararru daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, sannan a Yulin 2025 ya koma fam 41,700. Akwai rangwame ga sababbin kammala karatu, amma na 'yan shekaru ne, bayansu sai ka kai cikakken adadin. An kuma sanar da cewa daga Janairun 2027 bizar bayan karatu za ta ragu zuwa wata 18.

Yanzu ka sa kanka a takalmin mai kamfani a Manchester. Yana neman ma'aikacin talla ko mai kula da ma'aikata. A gabansa akwai yaran gari da suka karanta abu ɗaya da kai, sun san yadda mutanensu ke magana da abin da ke ba su dariya, ba sa buƙatar ya mallaki lasisin ɗaukar baƙi, ba sa buƙatar ya biya gwamnati wani haraji a kansu, kuma za su karɓi albashin da bai kai wancan adadin ba. Me zai sa ya tsallake su ya ɗauke ka? Ma'aikaciyar jinya ba ta da wannan matsalar. Ita tana da jarrabawa biyu da za ta ci, ta kwamfuta da ta gwaji a aikace, ta yi rajista da NMC, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Birtaniya, shi kenan ta zama abin da asibiti ke nema ido rufe. Likita yana da PLAB, jarrabawar da baƙon likita ke ci kafin ya yi aiki a can. Kai mai mastas a kasuwanci, wace hukuma ce za ta buga maka hatimi ta ce ga abin da hannunka ya iya?

Shi ya sa na san mutane, kuma ku ma kun san su, da suka gama mastas da sakamako mai kyau suka ƙare a aikin kula da tsofaffi ko ɗaga kwali a rumbunan ajiyar kaya. Aikin halal ne, wallahi ban raina shi ba, wanda ya wanke dattijon da 'ya'yansa suka kasa wankewa yana da lada. Abin da ke ci min rai shi ne kuɗin da aka kashe kafin a kai can. An biya fam dubu goma sha wani abu kuɗin makaranta, an biya kuɗin inshorar lafiya, an ajiye kuɗin guzuri na wata 9 a asusu har kwana 28 don ofishin biza ya gani (kuma mun san sau da yawa aro ne, da ruwa a kai), duk don a yi aikin da bai nemi digiri ba tun farko. Ita ma wannan mafakar yanzu an taƙaita ta, domin tun Yulin 2025 aka daina ɗauko sababbin masu aikin kula da tsofaffi daga ƙasashen waje.

Ga kuma naira. A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki farashin canji. Dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin ƙarshen Fabrairun 2024, fam kuwa har ya taɓa 2,000. Wanda ya yi lissafin kuɗin makaranta da tsohon canjin Fom A, wato takardar neman kuɗin waje a banki a farashin gwamnati, ya wayi gari bashinsa ya ninka sau uku yana zaune a ɗaki. A 2024 duk mun ga labarin ɗalibai 'yan Najeriya a Jami'ar Teesside da aka dakatar da karatunsu aka umarce su su bar ƙasar saboda sun kasa cika kuɗin makaranta a kan lokaci. Ba malalata ba ne, canji ne ya karya su. Rumfar da za a sayar da naira za a sayar da ita, makarantar kuma da fam take karɓa.

Wani zai ce to me ya sa jami'o'in suke ta tallata kwas ɗin? Ai su ma kasuwa suke ci. Kuɗin digirin farko da doka ta yarda su karɓa daga ɗan ƙasa a Ingila ya tsaya a fam 9,250 tun 2017, sai a 2025 aka ɗan taɓa shi. Baƙo kuwa babu iyaka a kansa. Kwas ɗin kasuwanci ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, ba ya buƙatar asibitin koyarwa, malami ɗaya da majigi sun ishi ɗalibai ɗari biyu. Don haka shi ne fannin da ya fi kowane tara ɗalibai baƙi a ƙasar. Sai ka shiga aji ka tarar kusan kowa ɗan Indiya ne ko ɗan Najeriya ko ɗan Pakistan, duk aiki ɗaya kuke nema. Alhali rabin amfanin makarantar kasuwanci shi ne wanda ka zauna kusa da shi, wanda gobe zai kira ka ya ce akwai gurbi a wajenmu. Shi kuma ejan, jami'a ce ke ba shi la'ada a kan kowane kai da ya kawo. Dillali bai taɓa cewa kayansa na da aibi ba.

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai waɗanda digirin kasuwanci ya ɗaga su, kuma na san wasu. Amma in ka bincika za ka tarar akwai sana'a a ƙarƙashinsa. Akanta ne mai takardar ƙwarewa ta ACCA ko ICAN da ya yi shekara biyar yana binciken littattafan kamfanoni. Injiniya ne da ya ɗora MBA, wato mastas na tafiyar da kasuwanci, a kan aikin da ya riga ya iya. Wata ce da ta ƙware wajen tace alƙaluma da kwamfuta, ko wanda ya san sirrin jigilar kaya daga tashar ruwa zuwa rumbu. Ko kuma wanda ya shiga manyan makarantun kasuwanci irin su London Business School ko INSEAD, inda manyan kamfanoni ke zuwa har cikin makaranta su yi zawarcin ɗalibai. Su kuwa waɗannan a MBA ɗinsu ba sa ɗaukar wanda ya gama bautar ƙasa jiya, kuma kuɗinsu ya fi rumfa uku.

Amurka ma ta nuna abin da take daraja da ƙidayar watanni. Wanda ya gama karatu ana ba shi wata 12 na izinin aiki, amma in kwas ɗinsa na kimiyya, fasaha, injiniyanci ko lissafi ne, ana ƙara masa wata 24. Makarantun kasuwanci da suka ga haka sai suka riƙa cusa lissafi da nazarin alƙaluma a manhajarsu don a lissafa MBA ɗinsu cikin wancan rukunin. Wato su da kansu sun yarda kasuwanci zalla ba ya riƙe baƙo. Bayan nan kuma sai ƙuri'ar bizar aiki ta H-1B, gurbi 85,000 a shekara ga duk duniya. Kanada tun 2023 ta fara ware kiranye na musamman a tsarinta na ɗaukar baƙi ma'aikata, Express Entry: ma'aikatan lafiya, masu sana'ar hannu irin su kafinta da mai gyaran famfo, da masu jin Faransanci. Abin dariya, ɗan uwanmu na Maraɗi ko Damagaram da ya yi karatu da Faransanci yana iya shan gaban mai mastas ɗin kasuwanci daga Kano. A Saudiyya da Daular Larabawa kuwa, ayyukan ofis irin na masu digirin kasuwanci su ne na farko da gwamnatoci ke tilasta wa kamfanoni su ba 'yan ƙasa kaso.

Abin da ya fi ba ni mamaki a maganar yaron nan shi ne abin da za a sayar. A Kwarin nan akwai mutanen da ba su gama sakandare ba, amma fasfonsu ya cika da hatimin Guangzhou da Dubai. Suna buɗe kwantena, sun san canjin yuwan da dirhami kafin jarida ta buga, suna ba da bashi har Agadas da N'Djamena ba tare da takarda ba kuma a biya su. Kasuwancin ƙasa da ƙasa da zai je ya karanta a littafi, shi ake yi a aikace a layin da rumfar babansa take. Da zai zauna a ciki shekara biyu, ya haɗa da MBA na ƙarshen mako a makarantar kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero ko ta ABU Zariya, ya fara jarrabawar ACCA a hankali, da ya fita in ma fitar yake so da abin da zai amsa tambayar mai masauki. Kuma rumfar tana nan. Ita ce ke ciyar da Hajiya da ƙannensa mata uku, kuɗin hayarta ne ke biyan kuɗin makarantarsu, shi kuwa a lissafinsa ko sau ɗaya bai ambaci wanda zai riƙe gidan a shekarar da zai yi yana karatu ba.

Ban hana shi ba, ba ni da hurumin hanawa, kuma arziki na Allah ne. Aiki na ba shi. Na ce gwamnatin Birtaniya tana wallafa sunayen duk kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar baƙi a intanet, kyauta. Ya je ya nemo min tallan aiki guda goma a fannin da zai karanta, daga kamfanonin da ke cikin wannan jerin, waɗanda albashinsu ya kai adadin da doka ta sa, kuma ba su nemi gogewar da ba shi da ita ba. Sannan ya tambayi ejan lambar mutum uku da ya tura wannan kwas ɗin a wannan jami'ar shekara uku da suka wuce, mu kira su mu ji wane aiki suke yi yau da kuma wace biza ce a hannunsu. In ya kawo waɗannan, ni da kaina zan raka shi wajen Hajiya, in kuma nemo masa dillalin da ba zai karya wa rumfar farashi ba.

Ya ce zai kawo ranar Juma'a. Muna tsaye a wurin ejan ɗin ya kira shi sau biyu.